Takalmin Taya na Babana

Shekarun baya, lokacin ina saurayi mai ji da kansa, na taɓa yi wa mahaifina wani aika-aika da sunan bangaskiya. Jiya ina neman wata takarda a ƙasan akwati na ci karo da tsohon takalminsa, shi ne na ce bari in ba ku labarin, ko don masu irin halina na da.

Mu Hausawa ne Kirista, a Katsina, bayan Ƙofar Kwaya, aka haife ni. Mahaifina ya yi kuturta tun yana saurayi. An kai shi asibitin mishan da ke wajen gari, ya sha magani shekara da shekaru har likitoci suka ce cutar ta mutu. Amma kafin ta mutu ta tafi da yatsu uku a hannun dama, biyu a na hagu, sauran kuma suka lanƙwashe. Ta kuma tafi da wani abu da ido ba ya gani. Daga idon sawu zuwa ƙasa, Baba ba ya jin komai. Ko garwashi ya taka, sai dai ƙauri ya gaya masa.

A wannan asibitin ya koyi wankin miki, a nan ya yi aiki har ya yi ritaya. Daga nan sai zaurenmu ya koma wani ɗan ƙaramin asibiti. Mai gyambo, wanda salansar babur ta ƙone, mai sara na gatari, duk nan suke zuwa, kuma kusan dukansu maƙwabtanmu ne Musulmi. Yadda yake riƙe almakashi da dungunsa, mai yatsu goma ba zai gwada masa ba. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ba ya kwana-kwana, sai ya ce a wuce asibiti. Yakan ce, "Ni wanki nike, likita na ba da magani, Allah ke warkarwa. Kowa shi tsaya wurin nashi."

Kullum da safe mahaifiyata takan kawo ruwa a baho ya jiƙa ƙafafunsa. In sun yi laushi ta goge kaushin da dutse, ta shafa man kaɗanya, sannan ta ɗaga tafin ƙafar tana dubawa a hankali kamar mai tsintar shinkafa. Ita ce idonsa a ƙasa, tunda ƙafar ba ta kawo masa rahoto. In ta gama sai ya zura takalminsa. Wani Malam maɗinkin takalma a bakin ƙofa ne yake yi masa shi, a kan fasalin da asibiti suka bayar. Ƙasansa tayar mota ce don kada ƙusa ta huda, cikinsa kuma wata roba mai laushi. Baƙi ne, mai faɗi, ba shi da ko ɗigon kyau. Tun daga nesa in ka ga takalmin ka san wace cuta mai shi ya yi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na taso ina jin kunyar takalmin nan. A makaranta in na ci jarrabawa sai wani ya ce, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, a bushe da dariya. In za mu majami'a ran Lahadi, sai in ƙirƙiro sauri in wuce gaba. A majami'a kuma in lokacin ba da shaida ya yi, Baba zai miƙe ya fara da cewa, "Tun ran da Ubangiji ya warkar da ni..." Ni kuwa sai in saci kallon hannunsa in ce a raina, wannan wace irin warkewa ce?

Haka na girma, na yi karatu, na kama aikin gwamnati, na zama ɗan gayu. Sai Allah ya haɗa ni da wata malamar makaranta mai waƙa a ƙungiyar mawaƙan wata majami'a. Ba sai na ja ku da nisa ba, na mutu a kanta. Mahaifinta tsohon hedimasta ne, dattijon ikilisiya, yana zaune a unguwar Kambarawa. Mutum ne da ko tsofaffin ɗalibansa masu furfura in sun hango shi sai sun gyara hula.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne al'ada. Uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, ƙannensa da aminansa ke zuwa. Na lissafa cewa har a sa rana babu abin da zai haɗa hedimasta da Baba. Kwatsam sai ga saƙo ta bakin yarinyar, wai babanta ya ce kada a turo kowa tukuna. Shi da kansa zai zo ya gaida mahaifina, Asabar ta sama. Na riga na ga inda wani abokina ya rasa aure saboda an ce kakansa ya yi wannan cuta, kakan da ko ganinsa bai taɓa yi ba. To ina ga ni da shaidar take zaune a zaure?

A daidai wannan lokacin aka yi shelar wani baƙon mai wa'azi daga kudu zai yi taron warkarwa na kwana uku a harabar wata majami'a. Ni kuma a lokacin na faɗa cikin wata ƙungiyar matasa masu zafi, inda muke koya wa junanmu cewa duk ciwon da ya ƙi tafiya, ƙarancin bangaskiyar mai shi ne. Sai na ga ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Na shiga kasuwa na sayo wa Baba takalmi sau-ciki, baƙi, mai tsini, yana ƙyalli. Da ƙafata na gwada, ko tunanin auno tasa ban yi ba. Nufina a yi masa addu'a, ya warke, ya tarbi hedimasta da takalmi irin na iyayen mutane.

Na same shi a zaure yana naɗe bandeji. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo maganar taron.

Ya ce, "To, wa za mu kai?"

Na ce, "Kai, Baba."

Ya yi murmushi. "Ni ai na warke, ɗana. Tun ba a haife ka ba."

Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "To yatsun fa, Baba?"

Ban taɓa yi masa maganar yatsunsa ba sai ranar. Ya dubi hannuwansa, ya dube ni. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tankaɗe, na ji rariyar ta tsaya. Can ya ce, "Saboda baƙon Asabar ne, halan?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To, ba komi. Mu tahi."

Rana ta ƙarshe muka je, bayan la'asar. Harabar ta cika maƙil. Janareta na ruri, ganga na tashi, mai wa'azi na zuba Turanci tafinta na bin sa a guje yana haki. Aka yi addu'a mai ƙarfi, har ni sai da tsigar jikina ta tashi. Daga nan mai wa'azin ya ce duk wanda ya gaskata ya warke, ya fito da alamar ciwonsa ya jefar a gaba. Nan da nan aka tara tuli guda: sanduna, tabarau, kwalaben magani, har da wani keken guragu.

Na durƙusa na kwance wa Baba takalmin taya, na ratsa mutane na wurga shi kan tulin. Na dawo na ciro sabon daga leda. Ƙafar ta ƙi shiga, don cutar ta sa ta yi faɗi ta gaba. Na danna, na murɗa, sai da ta shige. Baba ya ce a hankali, "Wanga takalmi bai san ƙafata ba." Na ce, "Zai san ta, Baba. Bangaskiya dai."

Da aka tashi, masu acaba suna ta kiranmu, na ce a'a, da ƙafa za mu koma don duniya ta gani. Tafiya ce mai ɗan nisa. A karo na farko a rayuwata na jera da mahaifina a titi, kafaɗa da kafaɗa, ina ta kallon yadda takalmin ke ƙyalli. Duk bayan ɗan lokaci in tambaye shi, "Baba, akwai zafi?" Ya ce, "Babu." Ni kuma in ɗaga hannu in ce haleluya. Ku dubi wauta, jama'a. Mutumin da ya shekara talatin bai ji zafi a ƙafa ba, shi nake tambaya ko da zafi, ya ce babu, ni kuma ina murna an yi mu'ujiza.

Muna shiga gida ana kiran magariba. Mahaifiyata ba ta dubi fuskar kowa ba, ƙafarsa ta duba. Ta ce, "Ina takalminshi?" Na fara ba ta labarin al'ajibi, ba ta saurare ni ba. Ta zaunar da shi ta ja takalmin dama, ya ƙi fita, sai da ta sa almakashinsa ta farke shi. Safar ta manne da jini. Takalmin ya saɓule fatar gefen ƙafar, ya kuma buɗe wani tsohon miki a tafin, wanda ta yi shekara tara tana tsaronsa kada ya dawo.

Mahaifiyata mace ce mai sanyi, amma ranar na ga wata daban. Ta ce, "Don kwalliya za ka gurgunta mani miji? Mi ya yi maka?" Sannan ta juya kan Baba. "Kai kuma, malam, da bakinka kake hana mutane wanga abu. Yaro bai sani ba, kai ma ba ka sani ba?" Ni dai na tsaya riƙe da ledar takalmi kamar wanda aka dasa.

Washegari da sassafe aka kai shi asibiti. Likita ya ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai mikin ya rufe, in kuwa ya kai ga ƙashi, to sai dai wani zancen. Daga can mahaifiyata ta ce in je in nemo takalmin da na yar, kada in dawo mata ba shi.

Na koma harabar ina rufe fuska. Na tarar da tulin an ture shi bayan ɗakin ajiya, wata tsohuwa tana durƙushe tana laluben tabaranta, tana ɗauko na wasu tana gwadawa. Mai gadin wurin ya dube ni ya ce, "Kai mi ka baro?" Na ce takalmi. Ya ce, "Shiga ka duba. Tun asuba ake zuwa, mai keken ma ya aiko an ɗauka." Na tono ƙafa ɗaya a ƙarƙashin sanduna, ɗayar kuma can gefe. Na taya tsohuwar har ta samu nata, ta sa, ta dube ni ta ce, "Af, ashe yaro ne kyakkyawa." Na so in yi dariya, kuka ya zo.

Da yamma na zauna kusa da Baba, ƙafarsa a kan matashi. Na fara zagin mai wa'azin, ya ɗaga mini dungu. Ya ce, "Kul. Ba shi ya sa mani takalmi ba. Kuma ni ban ce Allah ba ya warkar da jiki ba. Na ga waɗanda likita ya sallama su je gida su mutu, suka tashi. In ya so, ko yau sai yatsun nan su tsiro. Amma bai yi alkawarin sai ya yi ba."

Na ce, "To don me ka yarda, Baba? Ka san abin da zai faru."

Ya ce, "Na sani. Na zaci dai ba zai kai haka ba. Amma da na ƙi, da har in mutu kana cewa rashin bangaskiyata ya hana ni yatsu. Na ga gara ƙafa ta yi miki da ka riƙe wannan."

Daga nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce da cutar ta bayyana a jikinsa, yayansa ne ya fitar da shi daga gida, ya yi masa bukka a bayan gona, ana tura masa tuwo da sanda. Ya ce maganin asibiti ya kashe cutar a 'yan shekaru, amma ƙiyayyar yayan nan ta zauna masa a ƙirji, da ita yake kwana da ita yake tashi, har addu'a yake kada Allah ya haɗa su ko a lahira. Rannan yana bakin aiki sai aka shigo da wani mai gyambo yana wari, kowa na toshe hanci. Yana ɗaga kai ya ga ashe yayansa ne.

"Na fita waje na tsaya. Na ce Ubangiji, ban iyawa. Ban san mi ya faru ba, na dai ga na komo na ɗauki baho. Ina wanke ƙafar nan ina jin wani dutse na narkewa a ƙirjina. To in ka ji ina cewa ran da Ubangiji ya warkar da ni, wagga rana nike nufi. Ka tuna kutare goman nan da ake karanta mamu a majami'a, waɗanda Ubangiji ya warkar? Duka goma fatarsu ta gyaru. Guda ɗaya tak ya komo ya yi godiya. Ni a ganina tara sun samu fata, shi ɗaya ya samu lafiya."

Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma da za a ce in roƙi abu ɗaya ga jikin nan, ba yatsu zan roƙa ba. Zafi zan roƙa. Rashin jin zafin shi ne ciwon, ɗana."

Na so a ɗaga zuwan hedimasta, Baba ya ce ba a mai da baƙo. Asabar da hantsi sai ga shi da farar riga da sanda. Duk abin da na so ɓoyewa yana nan a shimfiɗe: Baba a kan tabarma, ƙafa cikin bandeji, hannuwa a fili, takalmin taya a bakin ƙofa. Baba ba ya miƙa wa baƙo hannu, yakan dafe ƙirji ne, don kada ya sa mutum a tsaka mai wuya. Hedimasta ya tuɓe takalmi, ya sunkuya, ya kamo dungun da hannu biyu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da zafin gari. Ni ina rakuɓe a gefe.

Can hedimasta ya nuna ƙafar ya ce, "Mi ya samu ƙafar, malam?"

Baba ya ce, "Takalmi ne ya ɗan ci ni. Ka san sabon abu."

Da na yi shiru, da maganar ta wuce a haka. Ya rufa mini asiri, kamar yadda ya saba. Amma sai na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, irin wanda ban taɓa ji ba duk shekarun da nake wuce shi a hanyar majami'a. Na dubi hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Na faɗi komai, tun daga sayen takalmin har dalilin sayensa. Na ce kunyar mahaifina nake ji, tsoro nake kada a hana ni aure saboda shi. Ina magana ina kuka, gaban surukin da nake so in burge.

Hedimasta ya bari na gama. Ya ce, "Yaro, ka zaci akwai wanda bai san mahaifinka ba a garin nan? Ƙanena ya yi wata uku yana zuwa zauren nan da ƙuna. Ni ba hannunshi na zo dubawa ba. Cewa na yi bari in je in ga yadda kake riƙe da shi, don yadda ka riƙe shi haka za ka riƙe ɗiyata ran da jikinta ya ƙi." Ya ɗauki sandarsa. "Yau ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wa ke wanke ƙafar?"

Aka ce mahaifiyata.

Ya ce, "A hutar da ita. In mikin ya rufe, a turo mani manya."

Kwana arba'in da 'yan kai na yi ina wankin mikin nan safe da yamma, Baba na kwance yana ba ni umarni kamar sabon ɗalibi. Kafin nan ban taɓa wanke masa ƙafa ba. Da farko don aure nake yi, ba zan ɓoye muku ba, kullum sai na auna mikin da ido in ga saura nawa. Daga baya na daina aunawa. Hira muke, yana ba ni labarin Katsina ta da, yana yi mini dariyar yadda nake naɗa bandeji kamar mai ɗaure buhun gero. Duk rayuwata ba ni da kwanakin da nake kewa kamar waɗannan.

Mikin ya rufe, manya suka je, aka ba ni. Ran ɗaurin aure Baba ya sa babbar riga fara da takalminsa na taya, wanda ni da kaina na goge shi. Na riƙe dungunsa muka shiga majami'a tare. Hoton yana nan a falo, takalmin ya fito sosai.

Baba ya rasu da daɗewa, yatsunsa ba su tsiro ba. Har yau in na yi rashin lafiya ina addu'a, ina kuma shan magani, ban ga inda suka yi faɗa ba. In an ce a yi wa mara lafiya addu'ar warkewa, da zuciya ɗaya nake yi. Abin da na daina shi ne duban jikin mutum in yanke masa hukuncin bangaskiyarsa. A gidanmu akwai mai ciwo a lokacin, gaskiya ne, amma ba shi ne mai takalmin taya ba.

Yanzu na haura arba'in da yatsuna goma cif, masu karin magana sai su fara yabo. Matata takan ce ba ta taɓa ganin mutum irina ba, wai in sabon takalmi ya matse ni, maimakon in yi tsaki sai ta ga na yi shiru ina murmushi. Ban taɓa yi mata bayani ba, amma ta sani. Nakan ɗan bar shi ya ci ni kaɗan kafin in cire, don abin da Baba ya so ya roƙa ke nan bai samu ba.